Tun da na haɗa ido da biri mai ganga, mahaifina ya daina sakar mini fuska

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a jami'a, ina karanta ilimin dabbobi. A hutun da ya wuce aka tura mu aikin gani da ido dajin Gashaka-Gumti. Kwana goma sha ɗaya muna keta daji ba mu ga birai masu ganga ba, wato waɗanda Turawa ke kira chimpanzee, sai sheƙunansu a saman itatuwa da 'yan sandunan da suka yar a bakin ramin kwarkwasa. Rana ta goma sha biyu da hantsi muka hango wata uwa da ɗanta a tsallaken rafi. Ta ɗora shi a cinya tana duba masa tafin ƙafa kamar mai neman ƙaya, sai ta ɗago ta dube ni. Wallahi Baba, kallon mutum ne.

Da na dawo gida, muna cin tuwon dare da mahaifina da ƙannena ina ba su labari, sai bakina ya suɓuce na ce ai mu da su tsatsonmu ɗaya. Mahaifina malamin zaure ne, fiƙihu yake karantarwa. Bai ce uffan ba. Ya tsame hannunsa daga kwano, ya wanke, ya tashi. Yau mako uku ke nan, in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya kau da kai. Umma ta ce in bar wannan karatu in nemi wani. Ni kuma barci ya ƙaurace mini. In har suna da dabara da tausayi da baƙin ciki, me ya rage da ya sa muka zama mutane? Har cikin salla tunanin yana zuwar mini. Imanina ne yake zubewa? In bar karatun?

*

Wa alaikumus salamu, ɗana. Kada ka bar karatunka. Na fara da wannan ne don kada ka yi ta karanta amsata da zullumi a ranka. Sauran maganar tana da tsawo, domin damuwa biyu ka ƙulle a wasiƙa ɗaya, akwai wadda ke tsakaninka da zuciyarka, akwai wadda ke tsakaninka da Malam. Ta Malam ta fi gaggawa, amma ba za ka iya zama gabansa ba sai ka san abin da kai kanka kake riƙe da shi.

Idonka bai yi maka ƙarya ba. Mutanenmu na can sun riga ka gani, shi ya sa suka raɗa wa wannan halitta suna biri mai ganga, saboda yadda yake dukan faffaɗan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, amon ya ratsa daji kamar ana kiɗa a wani ƙauye. Kuma tun kaka da kakanni Bahaushe yake cewa biri ya yi kama da mutum. Kakanninmu sun ga kamar, sun saka ta a karin magana, sun ci gaba da sallarsu da nomansu hankali kwance. Abin da ya girgiza ka wani abu ne daban. An rene ka, kamar yadda aka rene mu duka a makarantar boko, da jerin abubuwan da aka ce mutum kaɗai ke yin su, ka jingina darajarka a jikin wannan jeri ba tare da ka sani ba, yanzu kuma ka ga jerin yana zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya kuwa zube, ba zan ɓoye maka ba. Da can masana cewa suke yi mutum shi ne mai ƙera kayan aiki. A 1960 wata 'yar Ingila mai shekara 26, Jane Goodall, ta zauna a dajin Gombe, ba Gombenmu ba, wadda ke bakin tafkin Tanganyika a Tanzaniya, ta ga wani namijin biri mai ganga yana zura kara cikin suri yana fito da gara yana lashewa, ta kuma ga suna zage ganye daga tsinke don ya shiga rami. Da ta aika wa maigidanta Louis Leakey labari, amsar da ya ba ta ita ce, yanzu sai dai a sake fassara kayan aiki, ko a sake fassara mutum, ko a karɓi waɗannan birai a matsayin mutane. Bayan haka aka ga na Bossou a Gini suna ɗora ƙwarar kwakwar manja a kan dutse suna fasa ta da wani dutsen, aka ga na Fongoli a Senigal suna fiƙe bakin sanda da haƙori suna soka wa ƙananan dabbobi a kogon itace. Sandunan da ka tsinta a Gashaka 'yan wannan dangi ne. Malamanku sun gaya maka cewa biran Gashaka suna cin kwarkwasa suna haƙar zuma da sanda, amma ba sa kamun gara irin na Gombe, alhali ga suri nan birjik. Kowace al'umma da abin da ta tashi ta tarar uwaye suna yi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na magani. A 1987, a tsaunukan Mahale na Tanzaniya, wani mai bincike Michael Huffman da abokin aikinsa Mohamedi Seifu Kalunde, wanda ya fito daga gidan masu maganin gargajiya, suka bi wata mace mai suna Chausiku da ba ta da lafiya, ta ƙi cin abinci, sai kwanciya. Suka ga ta je wurin wani tsiro, ta karyo reshe, ta ɓare ɓawon, ta tauna tsakiyar karan tana tsotse ruwan tana tofar da tuƙar. Kashegari ta warware. Tsiron nan kuwa shuwaka ce, ɗana. Shuwakar da Ummanka ke wankewa ta sa a miya, wadda tsofaffinmu ke jiƙa wa mai ciwon ciki da tsutsa. Bincike ya nuna akwai sinadaran da ke yaƙar tsutsar ciki a jikinta. Ka ga ashe ita ma ta san inda ɗaci ke da amfani.

Aka ce to, mutum ne kaɗai ya san kansa. A 1970 Gordon Gallup a Amurka ya sa wa waɗannan birai jan launi marar wari a gira da kunne suna cikin barci, da suka farka suka ga madubi, sai suka kai hannu goshinsu, ba jikin madubin ba. Ɗan mutum sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu yake yin haka. Aka ce baƙin cikin mutuwa fa? A Gombe a 1972 wata tsohuwa mai suna Flo ta mutu, ɗanta Flint mai shekara takwas ya daina cin abinci, ya riƙa komawa wurin da ta faɗi, bai cika wata guda ba ya bi ta. A Bossou kuwa, a 2003, annobar ciwon numfashi ta kashe biyar daga cikinsu. Wata uwa mai suna Jire ta goyi gawar ɗanta kwana 68. Gawar ta bushe ƙamas, tana ɗauke da ita duk inda za ta, tana gyara mata gashi, tana korar mata ƙuda. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a gidan da aka rasa jariri ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Har mugun hali ma ba mu kaɗai muka gaje shi ba. Bayan garken Gombe ya rabu biyu, daga 1974 zuwa 1978 ɓangare ɗaya ya riƙa kai wa ɗayan farmaki yana kashe mazansa ɗaya bayan ɗaya har ya ƙarar da su, alhali da can tare suke kwana suna cire wa juna ƙwarƙwata.

Saura maganar da ka furta a kan kwanon tuwo. Da farko ka gyara ta a ranka, don jama'a da yawa suna jin ta a karkace. Masana halittu ba su ce biri mai ganga kakan mutum ne ba. Abin da suka ce shi ne jikinmu da nasa sun rabu daga wani tushe da ya shuɗe kimanin shekara miliyan shida zuwa bakwai. Hujjojinsu kuma ba tatsuniya ba ne. A 2005 aka kammala karanta ƙwayoyin gadon biri mai ganga aka jera su da namu, inda za a iya jerawa harafi da harafi bambancin wajen kashi ɗaya da ɗigo biyu ne cikin ɗari, in aka haɗa da wuraren da aka ƙara ko aka rage ya kai wajen kashi huɗu. Su suna da kuromosom, wato ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, guda 48, mu 46, kuma namu na biyu yana ɗauke da alamar guda biyu da suka haɗe baki da baki. A nan maƙwabtanmu Chadi, a hamadar Djurab, a 2001 wani ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, da ke aiki da ayarin Michel Brunet na Faransa, ya tsinci ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Toumaï, mai kimanin shekara miliyan bakwai, wanda masana ke ta muhawara a kan ko da ƙafa biyu mai shi yake tafiya. Ba zan ce maka malamanka maƙaryata ne don in kwantar maka da hankali ba. Kwanciyar hankalin da aka saya da ƙarya ba ta kai wa jarrabawar gaba, za ka shiga ɗakin bincike ka gani da idonka, sai ka daina yarda da ni, ka daina yarda da duk wani mai furfura.

Amma alƙaluman nan ba sa auna abin da kake tsoro. Rubuta ƙasa, ka rubuta kasa. Haruffa huɗu ne, uku iri ɗaya, na farkon ma 'yar ƙugiya ce kawai ta raba su. Ɗaya ita ce kake takawa ka yi noma a kanta, ɗaya in ka taka ta sai kabari in Allah bai kiyaye ba. Kama da wane ba ta wane. Ƙwaƙwalwarka ta ninka tasa kusan sau uku, kuma abin da ya fito daga wannan tazara ba ƙarami ba ne. A dajin Taï na Kwaddibuwa an tono duwatsun fasa ƙwara da waɗannan birai suka yi aiki da su shekara 4,300 da suka wuce. Jikokinsu na yau da irin dutsen suke fasa irin ƙwarar, ba ƙari ba ragi. A cikin waɗannan shekarun ɗan Adam ya tashi daga narka tama a Nok ya kai ga wayar da ka rubuto mini da ita, saboda shi in ya gaji abu sai ya ɗora nasa a kai, ya gaya wa ɗansa dalili, ɗan ya gyara, jika ya rubuta. Harshe ne ke ɗauke da wannan kaya. An gwada koya musu shi da gaske. Tun 1966 aka fara koya wa wata mai suna Washoe maganar hannu irin ta kurame, ta riƙe alamomi sama da ɗari. Kanzi, wani biri ɗan jinsin bonobo, dangin mai ganga na kusa, wanda ya mutu a 2025, yana gane jimlolin da ake faɗa masa da baki, yana amsawa ta allon alamomi. Amma Herbert Terrace, wanda ya reni wani mai suna Nim don ya tabbatar biri zai iya ƙulla jimla, da ya zauna ya sake kallon faifan bidiyonsa, a 1979 ya fito ya ce bai samu abin da ya je nema ba. Zance mafi tsawo da Nim ya yi alamomi goma sha shida ne, kuma maimaicin ba ni lemo, ci lemo, ni, ba ni, ne kawai. Kusan duk maganarsu roƙo ce, ta abinci ko ta wasa. Ƙanwarka kuwa tun tana goye take miƙa yatsa ta nuna wa Umma wata a sama, ba don a ciro mata shi ba, don dai su gan shi tare.

To amma kada ka ɗauki wannan ka kafa sabon shinge ka jingina imaninka a jikinsa. Shingen kayan aiki ya yi kamar ba zai faɗi ba har ranar da Goodall ta ga tsinke a hannun biri. Gobe wani ɗalibi, wataƙila ma kai, zai dawo daga sansanin bincike na Kwano da ke Gashaka da abin da zai ɓare wani yanki na shingen harshe ko na koyarwa. In darajarka a nan take, duk mujallar kimiyya da ta fito sai gabanka ya faɗi.

Addininmu kuma tun asali ba a nan ya ajiye ta ba, kuma Malam ya fi ni sanin haka. Duk wanda ya karanta manɗiƙ, wato ilimin tsara hujja, a zaure ya haddace ma'anar mutum: al-insanu hayawanun naɗiƙ, dabba mai furuci da hankali. Malamai sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da wannan ba wanda ya ce sun zagi Annabi Adamu. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya ce babu wata dabba a bayan ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne irinku. Da ɗan Adam na farko ya kashe ɗan'uwansa ya rasa yadda zai yi da gawa, hankaka aka aiko ya koya masa binnewa, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida. Tururuwa ta yi wa 'yan'uwanta gargaɗi Annabi Sulaimanu ya ji ya yi murmushi. Littafin da ya faɗi waɗannan ba zai girgiza don an ga biri da sanda ba. Inda ya ce an girmama 'yan Adam, a Suratul Isra'i aya ta 70, kyauta ce aka yi, ba a ce sun ci wata gasa da dabbobi ba. Inda kuma ya ware mutum sarai, a Suratul Ahzab aya ta 72, da kaya ya ware shi: amanar da sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, shi ya ɗauka. Mazan Gombe da suka kashe 'yan'uwansu ba wanda zai kai su gaban alƙali, duniya ko lahira. Kai in ka ɗaga wa ƙaninka hannu bisa zalunci za a tambaye ka. Shi ya sa ma jaririn da bai iya magana ba, da tsohon da hankalinsa ya gushe, da wanda aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa, duk mutane ne cikakku, a yi musu sutura a yi musu salla, ko da Kanzi ya fi su iya danna allo. Da wayo ne ma'auni, da mun shiga uku da junanmu.

Ina yaro, ranar kasuwar garinmu, wani mutum yakan zo da jan biri ya sa masa 'yar riga da hula, da sarƙa a ƙugu. Ya ce yi tafiyar tsohuwa, ya yi. Yi gaisuwar soja, ya yi. Mu yara muna ta ƙyaƙyata dariya muna jefa kwabo. Wata rana na tsaya bayan an watse, mai birin ya juya yana ƙirga kuɗi. Sai na ga birin ya ɗaga gefen rigar a hankali, ya sa yatsu biyu ya ture sarƙar, yana duba gyambon da ta yi masa, ƙuda na bi. Ya taɓa wurin, ya dubi yatsansa, ya mayar da rigar. Na fi shekara hamsin ban manta ba. Ranar na fara gane cewa kamar da ke tsakaninmu da su nauyi ce a wuyanmu. Uwar da ka gani a tsallaken rafi tana cikin jinsin da ya fi kowanne ƙaranci a cikin jinsuna huɗu na biri mai ganga, ba a samun sa sai a Najeriya da Kamaru. Ko jikokinta za su rayu, wannan yana hannun mafarauci, da mai saran madobiya da 'yan katako ke kira madrid, da mai cinna wa daji wuta, da ma'aikacin gandun da ke kwana a daji yana gadi. Ita ba ta da ta cewa a kan makomar 'ya'yanka, kai kana da ta cewa a kan makomar nata, kuma za a tambaye ka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta abinci, da wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Karatun da kake yi hanya ce ta sauke wannan nauyi.

Akwai wuri ɗaya da ba zan shafa maka mai a baki ba. Abin da jumhurun malamanmu suke kai shi ne an halicci Annabi Adamu daga yumɓu, ba uwa ba uba, aka busa masa rai. Littafin ajinku kuma yana maganar al'ummomi ne da suka sauya a hankali cikin dubban ɗaruruwan shekaru. Waɗannan maganganu biyu ba a ɗinke su da zare ɗaya a dare ɗaya, kuma akwai Musulmi masana da suka ba da shekaru suna rubutu a kan inda suka haɗu da inda suka rabu. Ma'aunin ɗakin bincike yana auna ƙashi da jini da ƙwayar gado, ba ya kama ruhi, ba shi kuma da hanyar tabbatar da mu'ujiza ko kore ta. Ka riƙe aƙidarka yadda ka karɓe ta, ka koyi iliminka yadda hujja ta nuna, ka ba kanka shekaru. Fatawa ba aikina ba ce. Ka nemi malami mai zurfi a tafsiri da tauhidi wanda ba ya tsoron tambaya, akwai su a sassan nazarin addinin Musulunci na jami'o'inmu, ka zauna da shi kai kaɗai. Ka guji masu yanke hukunci a Facebook da TikTok, na kowane ɓangare, masu kafirta ka a minti ɗaya da masu ce maka addini ya ƙare. Tunanin da ke zuwar maka a salla kuwa, sahabbai sun je wa Annabi da irinsa, suka ce muna jin abu a ranmu da muke ganin girman furta shi. Ya tambaye su, kun ji hakan kuwa? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Hadisin yana cikin Muslim. Wanda imaninsa ya zube ba ya rasa barci mako uku a kansa.

Yanzu Malam. Ka zauna ka saurari jimlarka da kunnensa. Kai kana maganar shekara miliyan bakwai, shi abin da ya ji shi ne ɗan da ya haifa, ya biya wa kuɗin makaranta, ya zauna a gaban ƙannensa ya ce ubansa da kakansa da Annabi Adamu dangin biri ne. A harshenmu ce wa mutum biri zagi ne. A karatunsa kuma biri yana tuna masa mutanen da suka keta alfarmar Asabar aka ce musu ku zama birai ƙasƙantattu, a Suratul Baƙara. Wurinsa haɗa mutum da biri azaba ce ta waɗanda aka yi fushi da su. Ga kuma tabon da duk baƙar fata ke ɗauke da shi ko bai san tarihinsa ba. A 1906 aka saka wani ɗan Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan namun dajin Bronx a birnin New York, tare da wani babban biri, jama'a suna tururuwar kallo, sai da limaman cocin baƙaƙen fata suka tashi tsaye aka fitar da shi. Bayan shekara goma ya harbe kansa. Har yau ana yi wa 'yan ƙwallo kukan biri a filayen Turai, kamar yadda aka yi wa Vinícius a Valencia a 2023, har kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas. An daɗe ana amfani da wannan iyaka ta mutum da biri don a tura mu can ɗaya gefen. Dattijon da ya ji an kawo maganar cikin gidansa ya tsame hannu daga tuwo yana kare wani abu ne mai daraja, ko da bai fahimci abin da kake nufi ba. Kuma ka lura, bai zage ka ba, bai kore ka ba, yana amsa gaisuwarka. Jira yake yi.

Kada ka bar shi ya yi ta jira. Ka fara zuwa wurin baffanka ko wani amininsa da yake jin nauyi, ka gaya masa abin da ya faru ba ƙari, ka roƙe shi ya yi maka iso. Ka zaɓi lokacin da almajirai suka watse, tsakanin magariba da lisha ko bayan karatun asuba. Ka zauna ƙasa. Ka nemi gafara a kan abin da ka yi kuskure a kansa da gaske, wato ka ɗauko magana mai nauyi ka yar a kan abinci, gaban yara, da lafazin da kai ma ba ka auna ba. Ka ce masa ka yi imani Allah ne ya halicce ka, kai ɗan Annabi Adamu ne, ba ka bar salla ba. Kada ka ce masa abin da ake koya muku duk ƙarya ne don ya huce, zai gane daga baya, kuma wannan zai fi yi masa ciwo. Kada kuma ka je da kuromosom da Toumaï, ba ranarsu ba ce. Ka je a matsayin ɗalibi. Ka ce, Malam, na ga abu a daji ya tsorata ni, ina so a karanta mini tafsirin ayar nan ta al'ummomi irinku. In maganar waɗanda aka mayar birai ta taso, ka tambaye shi hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Muslim, inda Annabi ya ce Allah bai sanya wa waɗanda aka shafe zuriya ba, kuma birai da aladu suna nan tun kafin haka. Ya san shi. Ka bar shi ya faɗa maka da bakinsa cewa biran da ka gani halittun Allah ne masu tasbihi irin nasu, ba la'anannu ba. Uba malami ba abin da ya fi sanyaya masa rai irin ɗansa ɗan boko ya dawo ya buɗe littafi a gabansa.

Mai yiwuwa zaman farko ya yi maka faɗa, ko ya ce tashi ka ba ni wuri. Ka tashi, gobe ka dawo da ruwan alwalarsa. Ita kuma Umma tsoro ne ya sa ta ce ka bar karatun, tana ganin gidanta zai rabu. Ka gaya mata aikin da ake yi da shi, kula da gandun daji, lafiyar dabbobi, binciken cututtukan da ke tsallakowa daga namun daji zuwa mutane irin su Ebola. Ka ba ta labarin Chausiku ranar da take wanke shuwaka, ka ba ta na Jire da gawar ɗanta, za ta fahimce su fiye da ni da kai. Ƙannenka kuma kada ka sake ɗaga maganar a gabansu sai ka daidaita da Malam.

In barcin bai dawo ba bayan kun shirya, ko ka ga ka daina cin abinci, ko karatu ya gagare ka, ka je asibitin makarantarku ka gaya wa likita, kada ka yi ta fama kai kaɗai. Ka rubuto mini bayan zamanku na farko, ina so in ji abin da Malam ya ce a kan ayar. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ka ilimi mai amfani.